Noti Mai Kuka Ba Ya Karyewa

Ƙarar da ƙarfe ke yi idan ya karye ba ta da girma. Na daɗe ina zaton abin da ya shekara talatin yana riƙe da injin mota, ranar da zai rabu biyu sai unguwa ta ji. Ashe ba haka ba ne. “Ƙas” kawai na ji, kamar an karya tsinken tsintsiya, sai sifana ta yi sako-sako a hannuna, na tafi da baya na zauna daɓas cikin ƙura. Da na duba bakin sifanar, ga noti, ga rabin sandar ƙarfen da yake ɗaure a kanta, wurin karayar yana ƙyalli kamar sabon kwabo. Ɗaya rabin kuwa yana can nitse cikin tof silinda, wato murfin injin, kamar ƙaya a tafin ƙafa. Hantsi ne na wata Asabar cikin watan Disamba na 2023, ƙarƙashin bedin da ke ƙofar gidanmu a Shema, ƙasar Dutsin-Ma. Na waiga dama da hagu ban ga kowa ba. Sai na jawo buhu na rufe wurin, kamar yaron da ya fasa tulu.

Motar ta mahaifina ce, Peugeot 504 mai dogon baya, wadda mutanenmu ke kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera irinta a 1968, kamfanin haɗa motoci na Kaduna ya fara aiki a 1975, aka ci gaba da haɗa ta a can shekaru masu yawa bayan Faransawa sun daina. Baba ya saye ta ta hannu tun kafin a haife ni, ya yi ta jigila da ita daga Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi. Ranar Laraba kuwa, ranar kasuwar Dutsin-Ma, sai ta koma ta buhunan gero da masara da awaki masu kuka a but. A cikinta aka kai Inna asibiti ranar da za ta haife ni. Da kuɗinta aka saya mini allo, aka ɗinka mini kayan firamare, aka biya mini rajista a Jami’ar Tarayya ta Dutsin-Ma, inda na karanta Fiziks. Duk da haka Baba bai taɓa bari na riƙe sifana ba. In na matso yana gyara, sai ya kore ni da gwiwar hannu, ya ce, “Hannun biro ba ya shiga baƙin mai. Je ka ɗauki littafinka.”

A wancan zamanin Baba mutum ne mai murya. In yana ciniki da ’yan kamasho a tasha, mai shayin tsallaken titi ya san nawa aka tsaya. Yana faɗa a kan tuwon da ya yi ruwa, da takalmin da aka bari a bakin ƙofa, da karen motar da ya manta duba ruwan lagireto. Cikin daminar 2021 ya faɗi a bakin rijiya, aka kwashe shi zuwa asibiti, ya dawo gida da shanyayyen ɓarin hagu da harshe mai nauyi. Tun daga nan maganarsa ta koma kalmomi kaɗan. In an kawo abinci ya ce, “To.” In an ce za a mayar da shi ɗakin baya don ya fi sanyi, ya ce, “To.” Da aka ce za a jinginar da gonar fadama saboda kuɗin magani, ya ce, “Yadda kuka gani.” Masu zuwa dubiya suna fita suna yabon haƙurinsa, mu ma muna jin daɗi, muna cewa Baba ya rungumi ƙaddara.

Motar kuwa ta kwana dubu a ƙarƙashin bedi. Damina uku ta doke ta, tayoyinta suka sace, kaji suka mayar da kujerar baya akurki. Tun kafin ciwon Baba ta fara zafi tana haɗa ruwa da baƙin mai, alamar gaskit ɗin tof silinda ya ƙone, yana shirin gyarawa ƙafa ta ɗauke. Bayan an cire tallafin mai a ƙarshen watan Mayu na 2023, litar fetur ta haura naira 500, komai na kasuwa ya bi ta. Yayanmu, wanda nauyin gidan ya koma wuyansa, ya kawo shawarar a sayar da ita ga ’yan gwangwan, su sassare ta su auna a sikeli. Ba mugunta ce ta sa shi ba. Maganin hawan jini ba ya jiran kowa, kuma mota a kwance ba ta ciyar da gida. Aka faɗa wa Baba, ya dubi ƙasa ya ce, “Yadda kuka gani.” Ni kuwa na dawo daga bautar ƙasa da takardar shaida da ɗan abin da na tara na alawus da lasin tuƙi, ba aiki, ba alamarsa. Na roƙi Yaya ya ba ni wata guda. Ya ce, “In Disamba ta ƙare ba ta tashi ba, kada ka ƙara yi mini maganarta.”

Da akwatin kayan aikin Baba da hotunan bidiyo a waya na fara. Ni da ƙanena muka cire tof silinda, muka ɗora shi a kan wani tsohon ƙyaure da muka gitta bisa bulo biyu. Sai an kai shi Katsina an share fuskarsa ta daidaita kafin a sa sabon gaskit, don haka dole a raba shi da manifol, ƙarfen nan da ke tattara hayaƙi ya miƙa wa salansa. Sandunan da ke riƙe da manifol, waɗanda makanikai ke kira sitod, a murɗe suke cikin jikin tof silinda, noti kuma a bakin kowanne. Duk notocin suka kwance da ɗan gardama, sai na ƙarshe. Tsatsa ta haɗe shi da sandarsa sun zama abu guda. Na ja, ya ƙi. Na taka da ƙafa, ya ƙi. Sai ilimi ya zo mini: idan ka ninka tsawon hannun sifana, ka ninka ƙarfin murɗawa. Na samo guntun bututun famfo mai tsawon kamu biyu, na zura sifanar a ciki, na danna. Ya yi tauri, ya yi tauri, can sai na ji ya yi laushi ya fara bin hannuna. Har na yi murmushi. Na ƙara dannawa.

Abin da ya fi ci mini rai a daren nan shi ne na san wannan laushin, na ma taɓa zana shi a takardar jarrabawa. Tun a ƙarni na 17 Robert Hooke na Ingila ya bayyana cewa ƙarfe yana miƙewa gwargwadon nauyin da aka ɗora masa, ya koma yadda yake in an sauke. Amma wannan doka tana da iyaka. In an wuce iyakar, ƙarfen yakan daina turjiya, ya riƙa miƙewa ba tare da komawa ba, daga nan sai tsinkewa. Laushin da na ji ba na noti mai kwancewa ba ne, na sandar da ke murɗewa a kan kanta ne. Na san sunan abin da Turanci, na san siffarsa a kan takarda, na ci maki mai kyau a kansa. Da ya zo cikin tafin hannuna sai na yi masa maraba.

Kwana biyu ina ɓoye ɓarnar. In gida ya yi shiru sai na ɗaga buhun, na kama ɗan abin da ya rage a waje da filaya, wanda tsawonsa bai fi ƙwayar masara ba. Duk kamun da na yi sai filayar ta zame ta gutsure shi, har ya kusa shafewa. Na yi lissafi ya fi sau goma. In tof silindan nan ya lalace, sai an je Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna neman wani, kuma abin da ya rage a aljihuna ba zai sayo shi ba, balle kuɗin mota. Ƙarfen da bai kai tsawon ɗan yatsa ba ya tsaya tsakanin motar da sikeli. Ranar Litinin na aro injin huda wurin wani kafinta, na aro ɗan janaretan mai cajin waya, na ƙudura zan huda guntun na ƙwaƙulo shi.

A lokacin hunturu mukan fito da Baba bakin zaure ya sha hantsi, mu jingina shi da bango, mu lulluɓa masa bargo. Yana nan zaune a ranar, ban ko dube shi ba, don mun saba ganinsa kamar yadda aka saba ganin turmi a tsakar gida. Na ta da janareta, na saita bakin injin a kan guntun.

“Ajiye!”

Muryar ta keta ƙarar janaretan. Na saki injin ya faɗi ƙasa. Inna ta leƙo daga cikin gida da ludayi a hannu. Baba ne, ya ɗaga hannunsa na dama yana rawa, idanunsa sun yi ja. Na kashe janareta na je na durƙusa a gabansa. Ya daɗe yana kokawa da harshensa kafin kalmomin su fito ɗaya bayan ɗaya.

“Tun Asabar na ji ka karya shi.”

Na sunkuyar da kai. “Ka gafarce ni, Baba.”

“Kafin ya juya, ya yi kuka?”

“A’a, Baba. Shiru ya yi, ya yi laushi.”

Ya girgiza kai. “Noti mai kuka ba ya karyewa. Wanda ya yi maka shiru ya bi hannunka, shi ne ya gama.”

Ya sa muka jawo ƙyauren kusa da tabarmarsa. Ya shafa wurin da ɗan yatsa, ya nuna mini abin da ban yi tunani ba. Guntun ƙarfe ne mai tauri, tof silinda kuwa alminiyam ne mai taushi. Bakin injin huda a hannun wanda bai saba ba zai zame daga mai tauri ya faɗa mai taushi, ya cinye tiredin ramin, in an yi rashin sa’a ya ɓula hanyar ruwan da ke zagaya cikin murfin. “Da ka huda,” in ji shi, “da ka yi wa ’yan gwangwan aikinsu.” Ya kuma tambaya ko mun juya injin tun da muka cire murfin. Na ce a’a. Ya ce kada mu kuskura, domin silif ɗin Fijo a zaune kawai suke cikin ruwa, in fistin ya tura su suka ɗaga, sai an sauke injin gaba ɗaya. Babu bidiyon da ya gaya mini wannan.

Maganin da ya rubuta mana mai sauƙi ne har ya ba ni haushi. A karkata murfin yadda ramin zai dubi sama. A haɗa man birki da kananzir, a ɗiga a kan guntun bayan sallar Asuba da bayan La’asar. A ɗora kan ƙusa mai kauri a tsakiyarsa, a buga da ƙaramar guduma sau ashirin, bugun ƙwanƙwasa ƙofa, ba bugun fasa dutse ba. Sannan a tafi a bar shi. Na ce, “Baba, kwana nawa?” Ya ce, “Shekara nawa ya yi yana kamawa?”

A cikin kwanakin jiran na zauna na yi wa kaina bayanin abin da ke faruwa a ramin, don in rage jin kunya. Ƙarfe da alminiyam in suka haɗu da danshi a tsakaninsu, sukan zama kamar ɗan ƙaramin batir, alminiyam ya riƙa cinyewa yana zama farin gari. Tsatsa kuma ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, don haka takan cika duk wata ’yar kafa da ke tsakanin tiredi da tiredi, ta matse. Ga zafin hayaƙi na shekaru, kullum a kumbura da rana a tsuke da dare. Bugun guduma yana farfasa wannan ɓawon, mai kuma yana bin tsagar yana shiga a hankali. Na kawo wa Baba wannan bayani ina jin kaina. Ya saurara har ƙarshe, ya ce, “To, malam. Sai dai bugunka ya yi nauyi. Rage.”

Ba bugun kaɗai ya yi wa gyara ba. Ranar Talata ya ce ƙanena ya zubar da kananzir kamar a rijiya ake ɗibarsa. Ranar Laraba ya ce kunun ya yi sanyi, ya ce bargon yana warin ɗaki, ya tambayi wanda ya ba da izinin a ɗaure akuya a jikin bambar motarsa. Ya aika a kira masa wani tsohon yaron motarsa, wanda yanzu yake da rumfar walda a Dutsin-Ma, ya ce a gaya masa in ya ga dama ya zo, in bai ga dama ba ma ya zo.

Ya zo ranar Alhamis da yamma, da ɗan injin walda ɗaure a bayan babur. Ya tuɓe takalmi tun daga nesa, ya durƙusa. “Maigida, barka da yamma. Ya ƙarfin jiki?” Baba ya ce, “Jiki ga shi nan. Ka yi ƙiba.” Mutumin ya yi dariya har da share ido. Muka aro babban janaretan masu niƙa. Ya wanke wurin da fetur ya bari ya bushe sarai, ya ɗora wasa a kan guntun ya ɗiga mata walda ta tsakiya, sannan ya ɗora sabon noti a kan wasar ya cika cikinsa da wuta har ya yi ja. Na tambaye shi, “Kawu, ba za ta kama murfin ba?” Ya ce waldar ƙarfe ba ta kama alminiyam, kuma alminiyam yana kwashe zafi da sauri ya watsa, sai dai kada a daɗe a wuri guda. Zafin da ya ratsa guntun zai kumbura shi, in ya huce ya tsuke, abin da mai ya fara sassautawa ya ƙarasa rabuwa.

Na miƙa hannu zan ɗauki sifana, Baba ya ce a bari ya huce. Muka jira. Da aka murɗa, notin farko ya ɓalle ya bar guntun a inda yake. Aka sake. Na biyu ma ya ɓalle, ya fito da ɗan ɓawon ƙarfe. Rana ta yi ja a bayan gidaje, na fara jin sanyi a cikina wanda ba na hunturu ba. Kawu ya goge wurin da burushin waya, ya ƙara wuta, ya ɗora na uku. Wannan karon Baba ya ce kada kowa ya taɓa sai an yi Magariba.

Bayan sallah aka kunna fitilar waya. Baba ya ce a ba ni gajeriyar sifana mai lamba 13, a jefar da bututun nan bayan katanga. Ya sa na matso, ya ɗora hannunsa na dama a kan nawa. Hannun ba nauyi, ƙashi ne da fata, amma kantar sitiyari tana nan a tafinsa.

“Ɗaure tukuna.”

“In ɗaure, Baba?”

“Kaɗan. Kamar gashi.”

Na tura ta wajen ɗaurewa, ban ji komai ba. Ya ja hannuna baya, ya tsayar, ya sake turawa gaba. Gaba, baya. Gaba, baya. Duk lokacin da na so in ƙara ƙarfi sai yatsunsa su matse nawa. Ban san sau nawa muka yi ba. Can sai wani siririn sauti ya fito daga cikin ƙarfen, “ƙiii”, kamar tsohon ƙyaure. Gabana ya faɗi, na tsaya cak. Baba ya ce, “Ka ji shi. Ci gaba.” Aka ɗiga mai. Kwata ɗin zagaye gaba, rabinsa baya, yana kuka muna bi, har kukan ya ragu, har na ajiye sifana na ƙarasa da yatsu. Ya fito baƙi ƙirin, farin gari cike da tiredinsa, notin Kawu a kansa kamar hula. Tiredin ramin kuwa ko ƙwarzane babu. Kawu ya ƙi karɓar ko sisi, sai kuɗin man babur da Inna ta tilasta masa.

A daren nan na tarar da Inna a bakin murhu tana ta murmushi ita kaɗai. Ta ce, “Ka ji yadda ya yi mini faɗa a kan gishiri? Shekara biyu da rabi rabon da in ji faɗansa.” Na tsaya da kwano a hannu. Shekara biyu da rabi muna murɗa shi, a kan ɗaki, a kan gona, a kan mota, yana bin hannunmu ba ƙara ba turjiya, mu kuwa muna kiran abin haƙuri. Haƙuri na gaskiya yana nan, na kuma san Baba yana da rabonsa a ciki. Amma akwai wani shirun da ba haƙuri ba ne, na wanda ya daina ganin amfanin cewa a’a. Su biyun a ido kamarsu ɗaya, kamar yadda laushin kwancewa da laushin karyewa suke kama a hannun da bai saba ba. Bayan kwanaki, ina gyara masa matashi da dare, ya faɗi abin da ya tabbatar mini. Bai dube ni ba, ya ce, “Da an ɗora ta a sikeli, da ni aka auna.”

Da Yaya ya zo ranar Juma’a, tun kafin ya gama gaisuwa Baba ya ce masa, “Motar nan ba ta sayarwa ba ce.” Yaya ya dube shi, ya dube ni, ya daɗe bai ce komai ba. Washegari ya aiko da kuɗin batir. Disamba ta ƙare ba ta tashi ba, bai kuwa yi maganar wa’adi ba. Sai cikin Janairu, bayan an sharo murfin a Katsina, an sa sabon gaskit da sabon sitod da muka shafa wa giris, yaran unguwa suka tura ta ta yi tari uku ta kama. Muna ta ihu, Baba yana bakin zaure ya karkata kunne. Da hayaniya ta lafa ya ce, “Fulogi ɗaya ba ya ci.” Aka duba, haka ne.

Yanzu ina fita da ita kwana uku a mako, Dutsin-Ma zuwa Katsina ta Kurfi, in dawo kafin Magariba saboda halin da hanyoyinmu suke ciki. Tana shan mai fiye da ƙananan motocin da suka cika tasha, abin da take kawowa bai wuce na magani da cefane ba, kuma ban daina aika takardun neman aiki ba. Wataƙila wata rana sikelin ya same ta. In ranar ta zo, mai ita ne zai faɗa da bakinsa, kuma na san sai an sha faɗa kafin ya yarda.

Guntun yana cikin wani gwangwanin madara a akwatin kayan aiki. Kowace safiya kafin in fita nakan shiga gaishe da Baba. In ya ce mini shayin ba sukari, ko ya ce jiya ya ji ina taka kuloci kamar mai kashe kunama, sai in ɗauki makulli in tafi da kwanciyar rai. In kuwa na ce, “Baba, ina kwana?” ya ce, “Lafiya lau,” ya yi shiru, sai in mayar da makullin aljihu, in jawo tabarma in zauna.